Giram tara da ke riƙe da jirgi: Yadda ake zaɓen sarbo, da abin da Gamboru ke jira daga Abuja

Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwa a Arewa ya san motar langa-langa da motar kara. Yara kan tsinci gwangwanin madara da tsohon silifas, su yanka tayoyi, su lanƙwasa waya, kafin la'asar mota ta hau layi. Unguwar Gamboru da ke cikin birnin Maiduguri, wadda ta yi suna da kasuwarta, kuma take daban da Gamborun Ngala ta bakin iyakar Kamaru, tana cikin unguwannin da suka gaji wannan wasa. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne wayar hannu ta nuna wa yaron da ya gaji da jan mota da zare cewa akwai ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa da rimot, kuma kayan haɗa su sun zama abin da ake iya yin odarsa daga Legas ko Kano ko ƙasar Sin.

Gangar jikin irin wannan jirgi ba ta da wuyar samu. Farin soson nan mara nauyi da ake tallafe firiji da talabijin da shi a cikin kwali ya isa a yanka fiffike da wutsiya. Gam yana nan a kasuwa. Moto da farfela da batir kuwa, kowa ya san sai an saya, kuma a kansu ne mai ƙira yakan zuba yawancin kuɗinsa da hankalinsa, domin su ne ke ƙara, su ne ke burge 'yan kallo. Amma akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana girma ba, wadda ake sayenta a ƙarshe da canjin da ya rage, alhali ita ce ke yanke hukuncin ko jirgi zai bi umarnin mai shi ko zai yi gaban kansa. Sunanta sarbo. Wanda ya iya zaɓen sarbo da lissafi ya shiga ƙofar aikin injiniya, ko da bai taɓa zama a aji ba. Wanda ya zaɓe shi da ƙa kuwa, aikin wata uku na iya zama tarkace cikin daƙiƙa goma.

Mai karatu da ke ofis a sakatariyar tarayya na iya tambayar abin da ya haɗa shi da wasan yara. Amsar tana zuwa a gaba, amma sai an fara fahimtar na'urar kanta.

Fikafikan da ke motsi

Jirgin sama mai fiffike, babba ko ƙarami, yana juyawa ta fuska uku. Yana karkata gefe, yana ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, yana kuma kaɗa hanci dama ko hagu. Kowane motsi yana da ƙaramin fiffike da aka maƙala da hinji domin ya riƙa lanƙwasawa cikin iska. Na gefen bayan manyan fikafikai ana kiran su eleron, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, jirgi ya karkata. Na kwance a wutsiya shi ne elebeta, mai kula da hawa da sauka. Na tsaye a wutsiya kuwa akala ce, irin ta jirgin ruwa.

Gano wannan sarrafawa mai fuska uku shi ne babban abin da 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka bar wa duniya. Kafin tashinsu na 17 ga Disamban 1903 a gaɓar tekun Amurka, mutane da dama sun ƙera injuna da fikafikai masu iya ɗaga mutum. Abin da ya gagara shi ne riƙe jirgi a sama ya bi inda ake so. Matsalar da ta sha kan magabata ita ce dai ke jiran matashin Gamboru a kan teburinsa.

A babban jirgi na da, matuƙi ne ke jan waɗannan fikafikai da hannu da ƙafa ta hanyar igiyoyin ƙarfe. A ƙaramin jirgin rimot babu kowa a ciki, don haka dole a sami abin da zai yi aikin damtsen matuƙi. Wannan shi ne aikin sarbo.

Bawan da ke cikin akwati

Kalmar ta samo asali ne daga Latin, inda take nufin bawa. Wani injiniyan Faransa, Joseph Farcot, ya yi amfani da ita a littafinsa na 1873 kan injin da ke juya akalar manyan jiragen ruwa bisa umarnin hannun matuƙi. Ma'anar ba ta sauya ba har yau: ƙaramin umarni ya shiga, ƙarfi ya fito, kuma na'urar ta riƙa duba kanta ko ta kai inda aka aike ta.

Idan aka buɗe sarbo za a tarar da abubuwa huɗu. Akwai ɗan moto mai gudu sosai amma mara ƙarfi. Akwai jerin giya masu haƙora da ke rage gudun su mayar da shi ƙarfi. Akwai ma'aunin juyi, irin maɓallin ƙara murya na tsohuwar rediyo, wanda ke shaida wa na'urar inda hannunta yake a kowane lokaci. Sai kuma ɗan allon lantarki da ke kwatanta inda hannun yake da inda aka ce ya je, ya tura moto har sai bambancin ya ƙare.

Wayoyi uku ne ke shiga cikinsa: baƙa ko ruwan ƙasa, ja mai kawo wuta, da ta uku mai kawo saƙo daga risiba. Saƙon bugun wuta ne da ke zuwa kamar sau 50 a daƙiƙa. Idan tsawon bugun ya kai kashi ɗaya da rabi cikin dubu na daƙiƙa, hannun sarbo ya tsaya a tsakiya. Idan ya ragu zuwa kashi ɗaya sai ya tafi wannan gefe, idan ya kai kashi biyu ya tafi wancan. Wannan tsari ya samo tushe tun shekarun 1960, kuma shi ya sa sarbon wannan kamfani kan yi aiki da risibar wancan. Kafin zuwansa, masu wannan sana'a irin tagwayen nan Walter da William Good, da suka tashi jirginsu na rediyo a Amurka a ƙarshen shekarun 1930, sun dogara ne da na'urar da ake nannaɗe wa roba, wadda ba ta san komai ba sai tsakiya ko ƙarshen dama ko ƙarshen hagu.

Lissafi kafin saye

A jikin kwalin kowane sarbo ana rubuta lambobi uku: nauyinsa, saurinsa, da ƙarfin murɗawarsa. Na ƙarshen ne ya fi muhimmanci, kuma ana auna shi da kilo-santimita. Sarbon da aka rubuta wa 1.8 zai iya riƙe nauyin kilo 1.8 idan an rataya shi santimita ɗaya daga tsakiyar hannunsa. Idan aka matsar da nauyin zuwa santimita biyu, gram 900 kawai zai iya. Sai dai a lura, wannan lamba iyakar ƙarshe ce, inda sarbo ke tsayawa cak yana gurnani. Ba a ɗora wa jaki iyakar abin da zai iya ɗauka a ce ya yi doguwar tafiya. Ƙa'idar da masu hankali ke bi ita ce kada aikin yau da kullum ya wuce rabin abin da aka rubuta.

To, nawa iska ke nema? A ɗauki misalin jirgin soso mai elebeta da tsawonta ya kai santimita 40, faɗinta santimita 4. A gudun mita 20 cikin daƙiƙa, wato kilomita 72 a awa, iska mai zafi irin ta Maiduguri tana danna kowace murabba'in mita da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 22. Faɗin wannan elebeta gaba ɗaya murabba'in santimita 160 ne, don haka idan aka ɗauki mafi munin hali, rabonta kimanin giram 360 ne. Wannan nauyi yana aiki ne a wajen tsakiyarta, santimita 2 daga hinji. Giram 360 sau 2 ya ba da kilo-santimita 0.72. A ninka shi biyu saboda kariya, ana buƙatar sarbo mai kimanin 1.5. Ƙaramin sarbo mai giram tara ya isa, amma da ƙyar.

Yanzu a ce matuƙi ya ruɗe, jirgin ya sunkuyo yana gangarowa har gudunsa ya kai mita 30 a daƙiƙa, kilomita 108 a awa. Gudun ya ƙaru da rabi ne kawai, amma matsin iska yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu, don haka nauyin ya ninka sau biyu da kwata, ya koma 1.6. A daidai lokacin da matuƙi ya ja sandar rimot domin ya ɗago hancin jirgi, sarbo ya kai maƙura. Iska ta fi ƙarfinsa, elebeta ta ƙi ɗagowa, jirgi ya caki ƙasa. Masu kallo za su ce rimot ne ya yanke. Gaskiyar ita ce an yanke hukuncin wannan faɗuwa tun ranar da aka je saye.

Akwai wani tarko na biyu. Mai ƙira da ke son jirginsa ya riƙa juyi da sauri yakan faɗaɗa elebeta. Idan ya mayar da faɗinta santimita 8 maimakon 4, filin da iska ke duka ya ninka biyu, nisan tsakiyarta daga hinji ma ya ninka biyu, nauyin da ke kan sarbo ya ninka huɗu. Ƙarin tsawo yana ƙara nauyi daidai wa daida, amma ƙarin faɗi da ƙarin gudu suna ninka kansu. Wanda ya riƙe wannan jimla guda ya fi wanda ya haddace sunayen sarbo hamsin.

Abin da ke kasuwa

Mafi yaɗuwa a duniyar masu koyo shi ne SG90 na kamfanin TowerPro, mai shuɗin jiki, nauyinsa giram 9, ƙarfinsa a rubuce 1.8 a wuta bolt 4.8, giyarsa ta roba. Yayansa MG90S yana da giyar ƙarfe, nauyinsa ya ɗan haura giram 13, ƙarfinsa ya kai 2.2 a bolt 6. A matsakaicin aji akwai irin Futaba S3003, mai giram 37 da ƙarfin 3.2 a bolt 4.8, wanda ya daɗe yana hidima a jiragen koyo masu injin mai. Sai irin MG996R mai giram 55, da ƙarfinsa ya haura 9.

Sauƙaƙan hankali zai ce a sayi mafi ƙarfi a huta. Amma a jirgi kowane giram yana da farashi, musamman a wutsiya. Giram 10 da aka ƙara a wuri mai nisan santimita 60 bayan tsakiyar nauyin jirgi sai an biya shi da giram 30 a hanci, idan hancin na santimita 20 a gaba. Ƙarin giram goma ya zama arba'in, jirgi ya yi nauyi, dole ya ƙara gudu kafin ya tsaya a sama, ƙarin gudu kuma ya ƙara wa sarbo aiki. Shi ya sa ƙwararru kan ajiye sarbo kusa da tsakiyar jirgi, su miƙa siririn ƙarfe zuwa wutsiya.

A taƙaice, jirgin soso mai tafiya a hankali, wanda bai kai kilo ɗaya ba kuma faɗin fikafikansa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, sarbo mai giram 9 zuwa 13 ya wadace shi. Jirgin katako mai kilo biyu zuwa uku yana buƙatar matsakaicin aji. Kuma ba dole ne duk sarbon jirgi su zama iri ɗaya ba. Idan kuɗi bai kai ba, a ba elebeta mafi inganci. Jirgin da ya rasa eleron ɗaya ko akala ana iya lallaɓa shi ya sauka, amma wanda elebetarsa ta mutu ya gama yawo.

Game da giya, ta roba ba ta da nauyi, ba ta da tsada, kuma sabuwarta ba ta sako-sako, sai dai haƙoranta kan kakkarye idan wutsiya ta daki ƙasa ko an bangaje ta a bakin ƙofa. Ta ƙarfe tana jure duka, amma da tsufa takan fara wasa tsakanin haƙora. Ga mai koyo da zai riƙa sauka a kan ƙasa mai tsakuwa, ƙarfe ya fi dacewa da akala da elebeta. Akwai kuma bambancin tsohon tsari da na dijital. Sarbon dijital yana zaburar da motonsa kamar sau 300 a daƙiƙa maimakon 50, don haka yana riƙe matsayinsa gam, amma yana shan wuta fiye da na tsohon tsari. Jirgin koyo ba ya buƙatarsa. Haka nan sauri: sarbon da ke juya digiri 60 cikin kashi biyu cikin goma na daƙiƙa ya fi ƙarfin yatsun mai koyo.

Hannu da ƙaho

Sarbo mai kyau na iya zama banza idan an haɗa shi da fiffike ba daidai ba. A kansa akwai hannu mai ramuka, a jikin fiffike kuma akwai ƙaho mai ramuka, siririn ƙarfe ne ke haɗa su. Idan aka sa ƙarfen a ramin da ke santimita ɗaya a hannun sarbo, aka sa ɗaya bakin a ramin santimita biyu a ƙaho, ƙarfin da ke isa fiffike ya ninka biyu, motsinsa kuma ya ragu da kusan rabi. Wannan ciniki ne mai riba ga mai koyo, domin jirgin farko ba ya son motsi mai yawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne akasin haka: a sa ƙarfe a ramin ƙarshe na hannu da ramin kusa na ƙaho, sannan a rage motsin daga rimot. Wanda ya yi haka ya zubar da rabin ƙarfin da ya biya kuɗinsa.

Sako-sako kuwa shi ne babban maƙiyi. Idan ramin ya fi ƙarfen faɗi, ko ƙarfen na lanƙwasawa idan an tura shi, ko gam ɗin da ke riƙe da sarbo ya saki, fiffike zai sami damar kaɗawa da kansa. A wani gudu sai ya kama karkarwa mai tsanani, da ƙara kamar ta tuta cikin guguwa, cikin 'yan daƙiƙu ya cinye haƙoran giya ko ya ɓalle daga hinji. Wannan karkarwa ta hallaka manyan jirage a tarihi, kuma har yau ana gwada kowane sabon jirgi a kanta.

Zafi da ƙura da ruwa

Takardun da ke zuwa da waɗannan kaya ba a rubuta su da Maiduguri a zuciya ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin birnin kan kai digiri 40 ko ya haura. A irin wannan zafi, da tsayin garin na kimanin mita 300 daga teku, iska takan yi sakayau da kusan kashi 11 cikin 100 idan aka kwatanta da ma'aunin da littattafai ke amfani da shi. Kada mai ƙira ya ɗauka wannan rangwame ne ga sarbo, domin jirgin dole ya ƙara gudu kafin ya sami abin da zai riƙe shi.

Inda zafi ya fi yin ɓarna shi ne wajen wuta. Batirin jirgi mai ɗaki uku yana ba da bolt 11.1, sarbo da risiba kuwa kimanin bolt 5 suke so. A cikin na'urar da ke sarrafa gudun moto akwai ɓangaren da ke rage wutar. Mai araha daga cikinsu yana yin haka ne ta hanyar mayar da rarar zafi: amfiya ɗaya kawai ta bi ta cikinsa, ya zama 'yar murhu mai wat shida a cikin soson da ba ya fitar da zafi. Ƙaramin sarbo guda idan ya maƙale yana iya jan sama da rabin amfiya, huɗu a lokaci guda su haura biyu. Da wutar ta faɗi, risiba ta ɗauke ta sake tashi, kuma a cikin wannan ɗan tsakani jirgi ba shi da matuƙi. Saboda haka zaɓen sarbo bai cika ba sai an haɗa jimlar wutar da za su sha, an tabbatar mai rage wutar ya fi ƙarfinta, an kuma bar masa ƙofar shan iska. Manyan sarbo irin MG996R, da ɗayansu kan ja har amfiya biyu da rabi idan ya maƙale, suna buƙatar tasu hanyar wuta daban.

Da hunturu kuma ƙura ce. Tana shiga ma'aunin juyi, sarbo ya fara rawar ɗari a tsakiya, yana gurnani ba a taɓa shi ba. Wanda ya fara haka a cire shi daga jirgi. Ga kuma darasin ambaliyar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gamboru da Gwange da sauran unguwanni. Kayan lantarkin da ya taɓa kwana a ruwa na iya bushewa ya yi aiki yau, tsatsa ta kashe shi bayan wata biyu. A rediyo wannan asarar kuɗi ce. A abin da ke tashi bisa kawunan mutane, ganganci ne.

Gwajin fiya wata

Shaharar SG90 da MG90S ta jawo musu jabu masu yawa a kasuwannin duniya. Akwai wanda za a rubuta masa giyar ƙarfe, a buɗe a tarar ta saman ce kawai ƙarfe. Akwai kuma nau'in da aka yi domin tayar mutum-mutumi, mai juyawa ba tsayawa, wanda kamanninsa ɗaya da na jirgi amma ba ya riƙe matsayi ko kaɗan. Duk wanda aka rubuta wa digiri 360 ba na fiffike ba ne.

Abin farin ciki, gwajin sarbo ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, wato rabin kilo. A ɗaure sarbo a bakin tebur, a sa zare a ramin da ke santimita ɗaya daga tsakiya, a rataya leda biyu. Sarbo mai giram tara na ƙwarai zai ɗaga kilo ɗayan nan ba tare da wahala ba. A ƙara ta uku na ɗan lokaci a ga inda ya gaza, a rubuta. Gwaji na biyu na komawa tsakiya ne. A manna tsinken tsintsiya mai santimita 20 a hannunsa, a sa alama a takarda inda bakin tsinken ya tsaya, a kai shi dama a saki, a kai shi hagu a saki. Kuskuren digiri ɗaya zai bayyana a matsayin tazarar milimita uku da rabi. Sarbon da ke dawowa wuri daban kowane lokaci zai sa jirgi ya riƙa lilo, mai shi ya yi ta gyara ba ya gyaruwa. Gwaji na uku shi ne a bar shi yana kai-komo na minti goma da ɗan nauyi, a taɓa a ji ko ya yi zafi.

Yaron da ya yi waɗannan gwaje-gwaje uku, ya rubuta sakamako a littafi, ya kwatanta da lissafinsa, ya yi abin da injiniya ke yi: ya ƙiyasta, ya auna, ya ƙi yarda da abin da ke jikin kwali sai ya gani da idonsa.

Sararin da ke rufe

A nan ne maganar ta iso Abuja. Borno ta san jirgin sama tun da daɗewa. Jiragen farko sun sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamban 1925, kuma daga 1940 Maiduguri ta zama zango a hanyar da ake bi da jiragen yaƙi daga Takoradi ta ƙasar Gana zuwa Khartoum da Alƙahira. Amma yau sararin samaniyar birnin ba wurin wasa ba ne. Tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tashin jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, kuma shigo da irin waɗannan jirage na buƙatar takardar shaida daga wannan ofishi. Bayan harin da 'yan ta'adda suka kai da jirage marasa matuƙa kan sansanin soja a Wajiroko a ƙarshen Disamban 2024, rundunar Haɗin Kai ta sanar a Janairun 2025 da haramta tashinsu ba da izini ba a yankin Arewa maso Gabas.

Babu mai hankalin da zai raina dalilin wannan mataki. Sojan da ke bakin aiki ba shi da lokacin tantance jirgin soso daga abin da ke ɗauke da mutuwa, kuma duk matashin da ya tashi jirgi a Gamboru ba da izini ba ya jefa kansa da maƙwabtansa cikin haɗari. Wannan magana ce da ya kamata iyaye da malamai su faɗa ba tare da kwana-kwana ba.

Sai dai ƙasar da ta rufe wannan ƙofa ita ce kuma ke neman masu wannan ilimi. Rundunar sojin sama ta ƙaddamar da jirginta mara matuƙi mai suna Gulma a Kaduna a Disamban 2013, sannan Tsaigumi a Fabrairun 2018. Tun 2022 jiragen kamfanin Zipline ke kai magunguna asibitocin karkara a Jihar Kaduna. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964. Duk waɗannan jirage suna da ƙananan fikafikai masu motsi, kuma a bayan kowanne akwai na'urar da wani ya zauna ya lissafa ƙarfinta da nauyinta da wutar da za ta sha, kamar yadda aka yi a sama. Bambancin na girma ne da tsada da tsananin gwaji. Ko iyakar abin da ƙaramin jirgi zai iya ma ba abin rainawa ba ne: a Agustan 2003 jirgin da Maynard Hill ya ƙera, wanda bai wuce kilo biyar ba, ya ƙetare tekun Atlantika daga Kanada zuwa Ireland, tafiyar kimanin kilomita 3,000.

Wasu ƙasashe sun warware wannan ƙulli ta hanyar rarrabewa. Amurka ta sa iyakar giram 250 tun 2015, abin da ya kai haka sai an yi masa rajista, kuma ta amince da keɓaɓɓun filaye inda ƙungiyoyin masu wannan sha'awa ke tashi ƙarƙashin ƙa'ida. Halin Borno daban ne, ba za a kwafo tsarin wata ƙasa a liƙa mata ba. Amma akwai tsaka-tsaki tsakanin sakin kowa da hana kowa. Ana iya yi wa ƙungiyar ɗalibai rajista ƙarƙashin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat ko Jami'ar Maiduguri, a san sunan kowa da kayan da ke hannunsa. Ana iya ƙayyade nauyi da tsayin tashi, a ware rana da fili da sanin jami'an tsaro, ko a fara da ƙananan jirage a cikin rufaffen zaure. Hukuma ta fi samun kwanciyar hankali da matashin da ta san sunansa da malaminsa fiye da wanda ke koyo a ɓoye.

Kafin a kai can, mafi yawan wannan ilimi ba ya buƙatar barin ƙasa. Tebur, batir, sarbo biyu, ledar ruwa uku da littafin rubutu sun isa a koyar da ƙarfin murɗawa da matsin iska da lissafin wuta a kowace makarantar fasaha a jihar. Kuɗinsu bai kai na shayin taro guda ba. Abin da ya rage shi ne takardar da za ta fayyace wane ne zai iya tashi, a ina, da wane sharaɗi, kuma wannan takarda a kan teburin wani ma'aikaci a Abuja za a rubuta ta.